Tsamiyar Cikin Kasko

Ranar da likitoci suka sallami Bajapane, babban ɗansa ne ya ɗauko shi a mota zuwa gida, kuma tun daga ƙofar asibiti tambaya ɗaya uban yake ta juyawa kamar mai gasa masara. Bai tambayi shagonsa ba. Bai tambayi wa ya mutu wa ya haihu a unguwa ba.

"Babba, ka tabbata uwarka tana ba ta ruwa?"

"Baba, wallahi ka yi min wannan tambayar tun kafin mu wuce gidan mai."

"To ai ba ka ba ni amsa mai daɗi ba."

"Mama ta ce tana nan lafiya. Ta ce ma ta fi ka lafiya."

"Wannan 'ta fi ka lafiyar' ita ce ba ta kwanta min ba."

Wanda bai san gidan ba zai ɗauka jaririya aka bari. Bishiya ce. Tsamiya ce da ta haura shekara ashirin a duniya amma tsawonta bai kai gwiwar mutum ba, tana zaune cikin wani kasko marar zurfi a kan benci a tsakar gida. Duk abin da Bajapane ya mallaka kana iya ara, har rigar jikinsa. Wannan tsamiyar kuwa, in ka taɓa ta ka taɓa shi.

Ba uwa ba uba suka raɗa masa Bajapane ba, layin makanikai ne. Shi rewaya ne, mai gyaran wayoyin mota, kuma hannunsa na da kyau. In motarka ta fara kunna fitila ita kaɗai, ko hon ɗinta ya koma kukan akuya, wurinsa za a turo ka. Tun yana matashi, wata rana wani mai shagon katifu ya kawo masa motar hannu da aka shigo da ita daga Japan, fuska a murtuke. Ya ce duk sanda ya murza makulli sai wata mace ta yi magana a cikin motar, da wani yare kamar ana kaɗa cokali a kofi, har yaransa sun ƙi shiga. "Cire min ita, ko aljana ce ko ma wace ce."

Bajapane ya bi waya ya bi waya har ya iske wani ɗan baƙin akwati a liƙe ƙarƙashin sitiyari, bai fi kwalin ashana biyu ba. Wani rewayan zai sa filaya ya datse, ya jefa a kwata. Shi sai ya kwance akwatin a hankali, ya kai cikin shago, ya jona shi da tsohon batir. Matar ta yi magana. Ya cire ya sake jonawa. Ta sake. Har la'asar yana nan yana abu ɗaya, masu mota suna jira a waje suna tsaki.

Abin da ya dame shi, me take cewa? Ya samo wani ɗan littafin koyon Japananci wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa ya cire, wani ma ya taɓa zubar masa da shayi. Ya yi ta fama, ga boko ba wani mai zurfi ba. Sai da aka daɗe, wayar hannu ta waye, sannan ya gano zancen: baiwar Allah tana gaya masa ne cewa bai saka katin biyan kuɗin hanya ba. Shi ke nan. Ba gaisuwa ba ce, ba addu'a ba ce.

Abokinsa Guduma, mai buga jikin mota a shagon da ke manne da nasa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Duk wannan wahalar, ashe 'yar karɓar haraji ka ajiye a shago!"

Bajapane bai ji haushi ba. "Kai ba ka gane ba. Ka ji yadda ta faɗe shi? Mutanen da tunin kati ma sai sun yi shi da ladabi kamar ana gaida suruki, ai ya kamata a san su."

Daga nan ciwon ya kama shi, kuma bai nemi magani ba. Kullum da safe in ya buɗe shago sai ya jona batir, matar ta tuna masa bai saka kati ba, shi kuma ya ce, "Na sani, baiwar Allah. Ba yau za mu tafi ba." Ya fara sunkuya wa kwastoma in an gama aiki, har wani direban tifa ya taɓa ɗauka wani abu ne ya faɗi, shi ma ya duƙa yana tayawa nema. Ya shimfiɗa kwali a ƙofar ɗakin ajiyar kayansa, ya ce ba mai shiga da takalmi, alhali cikin ɗakin ya fi waje baƙin mai. Ya fiƙe tsinke biyu ya koyi cin shinkafa da su, ya rame kafin ya ƙware. A bangon shagon ya liƙa taswirar layukan jirgin ƙasa na wani babban birninsu, ja da kore da shuɗi kamar wayoyin bayan dasbod, ya haddace ta tsaf. Ya san tashar da zai sauka in ya fito daga filin jirgi, da wadda zai canja layi, da ƙofar da zai fita. Mutumin da in aka rufe hanyar kasuwa sai ya tambayi mai shayi ta ina zai bi.

Zuwan ne dai bai yi ba. Ya yi fasfo, fasfon ya mutu da shafukansa fari fat, ya sabunta, ya sake mutuwa. Duk sanda ya tattara kansa sai wani abu ya riga shi: rufin ɗaki, makarantar yara, jinyar tsohuwarsa, auren 'ya. Bai taɓa yin ƙorafi ba. In an tambaye shi yaushe ne tafiyar, sai ya ce Japan ba guduwa za ta yi ba.

Matarsa tela ce, kekenta na nan a baranda, kuma unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Tela. Ita ta fi kowa shan wahalar finafinansa. Ba na faɗa da takobi yake so ba, wanda ko yara za su taya shi kallo. Tsofaffi yake so, marasa kala, inda za ka ga uba da 'ya sun durƙusa a kan tabarma, an zuba shayi, an yi shiru, jirgin ƙasa ya wuce, an sake yin shiru.

"Maigida, wai rasuwa aka yi musu ne?"

"Aure za ta yi. Ba ya so ta tafi, amma ba zai faɗa ba."

"To ya faɗa mana! Bakinsa ciwo yake?"

"Ai rashin faɗar shi ne fim ɗin."

"Allah ya kyauta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura."

A irin waɗannan finafinan ne ya ga wani tsoho yana yi wa wata 'yar ƙaramar bishiya aski da almakashi. Ya tsayar da hoton ya ƙura ido. Bishiya ce sosai, da kututture da rassa da tsufanta, amma a cikin faranti. Bonsai suke ce mata. A lokacin Tela na da cikin autarsu. Washegari ya tono wani ɗan tsiron tsamiya da ya fito a tsagar siminti bayan shago, ya sa mai tukwane ya gina masa kasko mai faɗi marar zurfi, mai huji a gindi. Mai tukwanen ya tambaya ko na ban ruwan kaji ne.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya ɗauki maganar a kan tarbiyyar yara, shi kaɗai ya ɗauke ta a kan icce. Nan sana'arsa ta yi masa rana. Sai ya warware jan ƙarfen tsohuwar sitatar mota, ya gasa shi a wuta ya yi laushi, ya naɗa wa reshe a karkace, ba sako-sako ba, ba matsewa ba, sannan ya lanƙwasa da babban yatsa kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin yaro. Sabon toho in ya yi rawar kai ya tsinke shi da farce. Bayan shekara bibbiyu, gab da saukar ruwa, sai ya ciro ta gaba ɗaya daga kaskon, ya taje saiwoyin da tsinken cin shinkafarsa, ya rage su, ya mayar da ita cikin sabuwar ƙasa mai tsakuwa. A hankali kututturen ya yi kauri, ya yi kaushi, ya karkata gefe ɗaya kamar dattijo mai gaisuwa. Auta ta fi ta tsawo tun tana tatata. Auta ta yi makaranta, ta gama, ta yi aure, tsamiya na nan a gwiwa.

Da yamma ganyen tsamiya kan naɗe kamar an rufe littafi. A daidai lokacin yake zuwa ya tsaya gabanta, ya ɗan sunkuya, ya yi mata sai da safe da Japananci.

Tela ba ta kiran ta da komai sai fursuna. "Wai me ta yi maka ne? Sa'o'inta suna can sun yi inuwa ana sayar da rake a ƙarƙashinsu, ita tana nan a ɗaure kamar ta saci akuya."

"Ba hana ta girma nake ba, Tela. Girman nata a ciki yake. Tsuguna ki kalle ta daga ƙasa, za ki ga ƙatuwar bishiya a bakin dutse, iska na dukan ta shekara da shekaru."

Ta taɓa tsugunawa sau ɗaya, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ce ita dai tururuwa ta gani. Ta miƙa hannu za ta cire wani busasshen ganye, ya yi caraf ya riƙe mata wuyan hannu. "Bari, bari, ba a nan ake cirewa ba." Ba ta ƙara miƙa hannu ba.

Ciwon ya zo ba sallama. Yana cikin shago da abin gwada wuta a hannu ya zube, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kwashe shi zuwa babban asibiti a garin da Babba ke aiki. Tela ta bar kekenta ta tare a gefen gadonsa, tana juya shi, tana goge masa yawu, tana ba shi abinci a cokali. Guduma aka bar wa ban ruwan tsamiya. Da harshen Bajapane ya fara sakewa, ta matso da kunne ta ji me zai fara cewa. Ya yi ta kokawa da kalmar har ta fito.

"Tsamiya."

Daga baya ya ƙarasa: ta koma gida, matar Babba za ta iya da shi, bai yarda da Guduma ba. Ruwa safe da yamma, kada ta taɓa komai. Tela ta dube shi ta daɗe, ta naɗe zanenta ta sa a jaka, ta tafi. Shi kuma ya zauna wata da watanni a hannun masu motsa gaɓɓai, suna miƙe masa hannu suna lanƙwasawa, suna ɗaure masa yatsu a jikin wani katako kada su dunƙule. Damina ta sauka yana can. A waya kullum amsar ɗaya ce: tana nan lafiya, ta fi ka lafiya.

To yau ga shi a ƙofar gida, da sanda a dama, ƙafar hagu tana biyo shi a baya kamar ba da son ranta ba. Maƙwabta sun taru ana barka da arziki. Shi idonsa na kan benci.

Bencin wayam.

Ya waiga baranda. Ga kaskonsa a ƙarƙashin keken ɗinki, an wanke shi tas, cike da maɓallai da ƙwaryar zare. A jikin ƙusa kuma ga wayoyinsa na jan ƙarfe, an naɗe su da kyau an rataye.

Sannan ya ga tsamiyar. A tsakiyar tsakar gida, cikin ƙasa, an kewaye ta da bulo, an zuba mata takin awaki har yana tashi. Tsohon kututturen na nan a karkace, amma daga kansa wasu sababbin rassa sun yi tsiri sama, miƙaƙƙu kamar sandunan rake, kore shar, sun kai ƙirjin mutum. Aikin shekara ashirin da ɗoriya ya koma kamar dattijon da aka sa wa gashin 'yan ƙwallo.

Tela na tsaye da tiren kofuna a hannu, ba ta sunkuyar da kai ba.

Bajapane ya dubi tsamiya, ya dubi Tela. Sai ya ɗan sunkuya, ba a san ko wa ya yi wa ba, ya ja ƙafarsa ya shige ɗaki.

Kwanaki suka wuce gidan ya zama irin fim ɗin da yake so. Ta kawo abinci, ya ce sannu. Ta kwashe kwano, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Keke na ta sururu a baranda, shi yana zaune bakin taga yana kallon tsamiya yana lissafi a zuci. Ya san halin saiwarta: in ta ji ƙasa sai ta nutsa kamar mai haƙar rijiya. In aka bar ta damina ta ƙare, ta bar kasko ke nan har abada. In aka tono ta yanzu, aka datse sababbin rassan, aka yanke saiwar, wataƙila ta rayu ta koma yadda take, wataƙila kuma ta mutu a hannunsa. Ya gwada dunƙule hannun hagu a kan almakashi, almakashin ya zame ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya aika a kira masa Guduma.

Da hantsi sai ga Guduma da shebur a kafaɗa, yana shigowa yana surutu. "Ina majinyacin? Kai, ka ganka kuwa? Sun buga ka sun miƙe, saura fenti! Uwargida, ina kwana. An ce in zo in kama fursunan da ya tsere."

Keken ya tsaya. Tela ta taso, ta zo ta tsaya tsakanin shebur da bishiya, da abin awo a rataye a wuya.

"Guduma, in ka sa shebur ɗin nan a ƙasa, kai da cin abincin gidan nan sai a lahira."

Guduma ya sauke shebur a hankali. "To, ni dai ɗan aike ne. Ɗan aike ba ya shan duka."

Bajapane ya fito yana dogara sanda. Maganarsa har yanzu da ɗan nauyi. "Tela, ruwa na ce ki ba ta. Ruwa kawai. Na ce kada ki taɓa komai."

"Ka ce."

"To me ya kai ki?"

"Ka tambaye ni yadda na same ta? Tunda ka dawo ka tambaya?" Muryarta ba ta tashi ba. "Na zo na tarar ganyen ya yi rawaya, yana zuba. Ƙasar kaskon ta jiƙe sharkaf, tana wari kamar kwata."

Guduma ya soma kallon sama. "Ni fa da bokiti nake ba ta. Safe, rana, yamma. Na ga abin kamar ba ya isar ta. Har hujin gindin na toshe da leda, na ga yana zubar da ruwa a banza."

Bajapane ya runtse ido kamar an taka masa ƙafar mai ciwo. "Ka toshe hujin."

"To wa ya san da gangan aka yi shi? Ni a sana'ata in na ga huji toshewa nake."

"Na yi yadda ka ce," in ji Tela. "Safe da yamma. Kullum sai ta ƙara zubewa. A satin ne Babba ya kira ya ce jininka ya sake hawa, ba ka gane mutane. Na fito da safe na ga saura 'yan ganye ba su fi a ƙirga ba. Na zauna a kan bencin nan ina kallon ta. Kai kana can an ɗaure ka da robobi da allurai, ita tana nan a ɗaure da waya. Na ce to, ɗaya daga cikinku dai ina iya kwancewa."

Wata kaza ta zo ta leƙa takin ta wuce.

"Da na warware wayar na ga duk ta ci jikinta, ta yi mata zane. Na ciro ta, saiwar rabi ta ruɓe, baƙi ƙirin. Ban san komai ba, Maigida. Abin da na sani, bishiya a ƙasa take rayuwa. Na haƙa rami na sa ta. Ranar da ta yi toho na farko, a ranar aka ce ka tashi zaune ka sha shayi da kanka. Ka ce camfi ne, ban hana ka ba."

"Da kin yanke ruɓaɓɓen," ya ce a hankali, "kin canja mata busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, kin sa ta a inuwa. Da ta tashi a kaskonta."

"Wa ya koya min?"

Ya mayar da ido kan sandarsa.

"Wa ya koya min, Maigida? Tun ina da cikin Auta take gidan nan. Ganye ɗaya na taɓa miƙa hannu zan cire, ka riƙe ni kamar na zo sata. Kullum da yamma kana yi mata magana da yaren da ba na ji. Ni da na kwana a kujerar asibiti, da bakinka ya buɗe, sunanta ka fara kira. Ban ce komai ba. Na ce to bari in je in ga wannan da ta fi ni, ko ta mutu a hannuna a ce baƙin ciki ne."

Guduma ya ɗauki shebur ɗinsa ya rungume kamar jariri, ya matsa can gefen randa.

Bajapane ya ɗaga ido ya dubi matarsa. Shekara nawa yana kallon mutanen da ba sa faɗar abin da ke ransu yana jin daɗi, ashe akwai ɗaya a barandarsa, bai taɓa tsayar da hoton ya duba ba.

Ya miƙa wa Guduma sandar. "Riƙe ni."

"Ina za ka?"

"Ƙasa."

Da ƙyar da nishi aka tsugunar da shi a gaban bulon. Ya kwantar da kai ya kalli tsamiyar daga ƙasa, yadda ya saba cewa a yi. Tsohon kututturen na nan yadda ya bar shi, a sunkuye, da zanen waya a jikinsa; duk girman da za ta yi nan gaba, da wannan sunkuyon za ta yi shi. Daga sama kuma sabon ganye ya yi laima, rana na ratsowa. Ta tsakanin rassan yana hango igiyar shanya, da baranda, da keken ɗinki da rana ta riga ta fara duka, inda Tela ke zama kullum tana kare fuska da gefen mayafi.

Ya taɓa ƙasar da yatsa. Ya san in ya ce a tona, Guduma zai tona, Tela kuma za ta koma kan kekenta ba za ta ƙara cewa komai ba. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Guduma, mayar da shebur ɗinka."

"Alhamdu lillahi. Abincina ya tsira."

"Tela, kawo almakashi."

Ta ja da baya. "Ba dai nawa ba. Almakashina ko takarda ba ya yanka."

"Nawa. Yana kan taga. Ki haɗo da wayar can."

Ta kawo, tana kallon sa da zargi. Ya nuna mata da hannun dama. Rassan sun yi yawa, in aka bar su duka za su shaƙe juna. Uku za a bari. Ya ce ta kama wannan, ta nemo idon toho da ke kallon waje, ta yanka a samansa kaɗan, a karkace. Ta sa almakashi ta datse, ƙyat, sumul kamar bakin riga.

Ya duba wurin yankan ya daɗe. "Hannunki ya fi nawa."

"Yau ka sani? Shekara nawa ina yanka wuyan rigunanka."

Suka bi sauran. Sannan ya zaɓi reshe ɗaya, wanda ya fi ƙarfi, ya ce ta naɗa masa waya. Ya riƙe gindin da hannu mai lafiya, ita tana naɗawa.

"Kada fa ka ce in matse."

"Sako-sako. Yadda yatsa zai iya motsi. In kin ga ta fara cizo, ke za ki kwance, ba sai kin tambaye ni ba."

Da ta gama ya ɗora babban yatsansa a kan nata, suka lanƙwasa reshen tare, kaɗan-kaɗan, har kansa ya daina kallon sama ya koma kallon baranda.

Tela ta bi reshen da ido har kan kekenta. Ta gane. Ta ɗan juya fuska tana gyara abin awon wuyanta.

"Yaushe inuwar za ta iso can?"

"Da saura. Tsamiya ba ta gaggawa."

"Kafin nan ai idona ya daina ganin kafar allura."

"Sai ki zauna haka nan ki sha iska. Ni in zuba shayi, mu yi shiru."

"Allah ya kiyaye. Ni in na zauna magana zan yi."

Guduma ya leƙa ƙarƙashin keke. "To kaskon fa? In ba mai so, ina da kaji."

"Maɓallaina sun riga sun saba da shi," in ji Tela. Bajapane ya kalli kaskon. Ya miƙa hannu aka tashe shi.

Har yau yana zuwa shago, ko da yake yanzu baki ya fi hannu aiki. Yana jona batir, matar akwati ta tuna masa bai saka kati ba, ya ba ta amsar da ya saba. Tsamiya ta wuce kansa. Wanda ya shigo gidan zai ga wata bishiya mai abin mamaki, gindinta a sunkuye kamar tana gaida baƙo, reshe ɗaya ya miƙe ya nufi baranda, bai kai ba tukuna.

Da yamma in ganyen ya fara naɗewa, yakan dogara sandarsa ya je gabanta, ya ɗan sunkuya, ya yi mata sai da safe da Japananci. Daga baranda, ba tare da ta ɗaga kai daga ɗinki ba, Tela kan amsa.

"Ta ce Allah ya tashe mu lafiya. Ta ce kuma ka shigo ka sha maganinka."